Daga Dakoro zuwa ina? Abin da mai neman aikin kwamfuta zai tarar a Maraɗi, Yamai da Kano

Kowace shekara idan makarantu suka yaye ɗalibai, akwai matasa ƴan Dakoro da ke komawa gida da takardar shaidar sanin kwamfuta, ko ta haɗa layukan sadarwa, ko ta wutar lantarki. Bayan ƴan watanni sai zancen tafiya ya taso, domin garin ba shi da wuraren da za su ɗauke su duka. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa mazauna cikin garin Dakoro ba su cika 30,000 ba, yayin da Maraɗi ta haura 260,000, Yamai kuma ta wuce miliyan ɗaya. Kamfanoni da bankuna da ma'aikatu suna bin inda jama'a da kuɗi suka taru ne.

Abin da aka fi tambayar mai shirin tafiya shi ne nawa za a biya shi. Sai dai albashin da aka rubuta a takardar kwantiragi ba shi ne kuɗin da ke isowa hannun iyaye a Dakoro ba. Tsakanin su biyun akwai haya, akwai kuɗin zuwa aiki da dawowa kullum, akwai darajar kuɗin da ake biyan albashin da shi. Akwai kuma wata tafiyar da ba a cika sa ta cikin lissafi ba, wato ta zuwa gida idan an yi rasuwa, ko suna, ko Salla.

Aikin da ake samu a gida

Dakoro tana da nata aikin fasahar, ko da yake ba kasafai ake kiran sa da wannan suna ba. Akwai masu gyaran salula, da masu shagon buga takardu da fotokofi, da masu ɗora faifan sola a gidaje da shaguna, da ma'aikatan wuraren aika kuɗi irin su Nita da Amana. Ma'aikatar lafiya ta gunduma na buƙatar masu shigar da alƙaluman asibitoci cikin kwamfuta. Tun bayan matsalar abinci ta 2005 kuma ƙungiyoyin agaji suka riƙa ɗaukar matasa aikin ƙidaya da tambayoyi a ƙauyukan Kornaka, Birnin Lalle da kwarin Tarka, aikin da daga baya ya koma kan salula da tabilet.

Wannan na ƙarshe shi ya fi kawo kuɗi a dunƙule, amma na makonni ne ko ƴan watanni. Ya kuma ja baya tun da gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta na ƙasashen waje a watan Janairun 2025, ta kuma rushe hukumar USAID daga bisani. Matashin da ya saba samun irin wannan aiki sau biyu ko uku a shekara yana cikin waɗanda ke ɗaga kai su dubi kudu yanzu.

Maraɗi, mafi kusa

Daga Dakoro zuwa Maraɗi kilomita 120 ne da ƴan kai, a kan kwaltar da ta ratsa Kornaka da Sabon Mashi ta haɗu da babbar hanyar ƙasa ta 1 a wajen Tibiri. Ba tafiyar da za a yi kowace safiya ba ce, amma mai aiki a Maraɗi yana iya tashi ranar Juma'a da rana, ya kwana biyu a gida, ya koma ranar Lahadi da yamma. Babu wani gari cikin waɗanda ake zancensu da ke ba ɗan Dakoro wannan dama.

A cikin garin ma zirga-zirga ba ta cin rai. Kabu-kabu ko adaidaita na kai mutum daga wannan gefen gari zuwa wancan cikin ƙanƙanin lokaci, da yawa kuma suna komawa gida cin abincin rana. Ga shi da wuya a samu ɗan Dakoro da ba shi da kawu ko ɗan'uwa a Maraɗi wanda zai ba shi ɗaki kafin ya tsaya da ƙafarsa, abin da ke ɗauke masa haya a watannin farko da suka fi wuya.

Ta fuskar karatu, akwai jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, wadda aka kafa a 2010, da makarantar fasaha ta Dan Kassawa. Ta fuskar aiki kuma akwai rassan bankuna, ofisoshin jiha na Airtel da Moov Africa da Zamani da Niger Telecoms, asibitoci, makarantu masu zaman kansu, da manyan ƴan kasuwa da ke buƙatar wanda zai kula musu da lissafin sito, ya ɗora kyamarar tsaro, ya haɗa intanet a ofis.

Amma yana da kyau a san irin aikin. Rassa ne ke Maraɗi, cibiyoyinsu suna Yamai. Can ake yanke shawarar manhajar da za a saya, can ake rubuta wadda za a rubuta, can kuma ake ɗaukar injiniyoyi. Abin da ya fi yawa a Maraɗi shi ne kula da na'urori da gyaransu, ja da waya, da koya wa ma'aikata yadda za su yi amfani da abin da aka aiko. Ga mai aikin hannu wannan kasuwa ce mai kyau, mai yiwuwa ma ta fi ta babban birnin ƙasa sauƙin shiga, saboda sanayya. Wanda burinsa rubuta manhaja ne kuwa zai iya shafe shekaru yana saka tawada a na'urar buga takardu. Kuma ɗaukar aiki wurin ɗan kasuwa sau da yawa da baki ake yin sa, ba takarda, ba rajista a asusun CNSS, abin da matashi ba ya jin zafinsa sai ranar da ya je neman wani aikin aka ce ya kawo shaidar shekarun da ya yi.

Yamai: aikin na nan, hanyar ce ke da tsawo

Duk wanda ke son aikin fasaha mai takarda da albashin wata a Nijar, Yamai ce kasuwarsa. Nan cibiyoyin kamfanonin salula suke, da na bankuna, da hukumar ARCEP mai sa ido kan sadarwa, da hukumar ANSI da aka kafa a 2017 domin shigar da ayyukan gwamnati cikin na'ura. Nan ne cibiyar CIPMEN take, wadda ta fara renon ƙananan kamfanoni a 2014. Makarantar koyon rubuta manhaja ta CodeLoccol tana Sadore, kimanin kilomita 45 kudu da birnin. Jami'ar Doso, wadda aka ba ta fannin fasahar sadarwa, ita ma kusa da Yamai take, don haka ɗalibanta can suke kwarara.

Ma'anar wannan ita ce masu neman aikin ma can suka taru. Ɗan Dakoro zai yi takara da waɗanda suka fito daga jami'ar Abdou Moumouni, da reshen Nijar na cibiyar IAI, da waɗanda suka yi karatu a Dakar, Maroko, Tunusiya ko Aljeriya. Ƙofar shiga yawanci istaji ce, wato aikin koyo na wata uku ko shida, wanda wani wuri ake ba da kuɗin mota kawai, wani wurin ko shi babu. Mai son aikin gwamnati kuma sai ya bi ta bautar ƙasa ta shekara biyu kafin a yi zancen jarrabawar ɗauka. Duk tsawon wannan lokaci, ci da kwana da zirga-zirga suna kansa.

A nan ne taswirar birnin ke shiga cikin lissafi. Yawancin ofisoshi suna Filato da tsakiyar gari. Ɗakin da sabon zuwa zai iya biya kuwa yana can gefe: Talladje, Koira Tegui, Niamey 2000, unguwar filin jirgi, ko Harobanda a ƙetaren kogi. Mai zama a Harobanda dole ya haye Kwara sau biyu a rana. Gadoji uku ne: gadar Kennedy ta 1970, gadar abotar Nijar da Sin ta 2011, da gadar Janar Seyni Kountché ta 2021. Wadda ke faɗawa kai tsaye cikin tsakiyar gari ita ce tsohuwar, mai layi biyu kacal, kuma ita ce ke cushewa da safe da lokacin tashi daga aiki.

Taksin Yamai na haɗaka ne, direba na ɗaukar wanda hanyarsu ta zo ɗaya, kuma idan wuri ya yi nisa sai a ce kuɗin mutum biyu ne, ko a sauka a sake shiga wata. A ɗauka, don misali, kowace shiga dala 60 ce, wato sefa 300, mutum kuma yana shiga biyu da safe biyu da yamma. Sefa 1,200 ke nan a rana. A kwanakin aiki 22 ya kama sefa 26,400. Mafi ƙanƙantar albashi a Nijar jika 42 ne. Ke nan kuɗin taksi kaɗai ya cinye fiye da rabinsa. Ko mai karɓar jika 100 ya rabu da sama da kashi ɗaya cikin huɗu kafin a zo kan haya da wuta da ruwa da abinci. Motocin faba-faba sun fi araha, amma hanyoyinsu ƙayyadaddu ne, kuma suna cin lokaci.

Shi ya sa abu na farko da yawancin ma'aikata ke saye shi ne babur. A watan Yulin 2024 gwamnati ta rage farashin litar mai daga sefa 540 zuwa 499. Idan babur na shan lita ɗaya a rana, abin bai wuce jika 11 a wata ba, ƙasa da rabin misalin taksin. Sai dai sayen babur ɗin na son jari tun farko, kuma ƙarancin man da aka yi a watan Maris na 2025, lokacin da layuka suka yi tsawo a gidajen mai, ya nuna cewa ko shi ba ya rasa ranar da zai tsaya. Akwai masu ganin gara a biya haya mai ɗan tsada kusa da wurin aiki, a haɗu mutum biyu ko uku a ɗaki. Idan aka sa awannin da ake ɓatawa a hanya cikin zafin watan Afrilu, lissafinsu ba ya rasa hujja, musamman a sana'ar da wanda bai samu lokacin ƙaro ilimi da dare ba ake barin sa a baya.

Sannan ga tafiyar gida. Daga Yamai zuwa Maraɗi kusan kilomita 660 ne, ta Doso, Dogon Dutsi, Ƙwanni da Madawa, kuma motocin Rimbo ko STM ko Al Izza na cinye wuni guda a kai. Zuwa Dakoro ya haura kilomita 700. Wanda aka yi wa waya da asuba cewa an yi rashi ba zai samu jana'iza ba. Zuwa gaisuwa da dawowa na nufin kwana uku aƙalla, da neman izini wurin shugaba, da kuɗin mota da ke iya kai wani babban yanki na albashin sabon ma'aikaci. Da yawa sukan ƙare da zuwa sau ɗaya ko biyu a shekara.

Najeriya: kasuwa babba, kuɗi mara nauyi

A taswira, Kano ta fi Yamai kusa da Dakoro nesa ba kusa ba. Daga Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya bai kai kilomita 100 ba, daga Katsina zuwa Kano kuma kimanin 170. Harshe ɗaya, abinci ɗaya, ga dangi. Kasuwar waya ta Farm Centre da ta titin Beirut a Kano makarantu ne a karan kansu: duk wata cuta ta salula da kwamfuta ana ganin ta can, kayan gyara kuma suna nan a tare. Masu gyara da yawa a jihar Maraɗi can suka koyo, can kuma suke sayayya.

Matsalar tana wajen kuɗi. A 2014 jika ɗaya ta sefa ana canjin ta ne a kan naira 300 da ɗoriya. Bayan da gwamnatin Bola Tinubu ta saki naira a watan Yunin 2023, dalar Amurka ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, jikar sefa kuma ta wuce naira 2,000. Sefa ba ta yi irin wannan faɗuwa ba saboda a ɗaure take da yuro, a kan sefa 655.957. Mafi ƙanƙantar albashin Najeriya da aka amince da shi a watan Yulin 2024, naira 70,000, bai kai jika 30 ba a canjin wancan lokaci, wato yana ƙasa da na Nijar. Albashin naira 200,000, wanda ke da daɗin ji a kunne, wajen jika 80 ne idan ya ƙetaro iyaka. Ga shi janye tallafin mai a watan Mayun 2023 ya ninka kuɗin adaidaita sahu, wanda shi ne abin hawan talaka a Kano tun da aka hana acaɓa a 2013.

Wannan faɗuwa tana da fuska ta biyu. Wanda ya shiga Kano da sefa a aljihu, kuɗin koyo da masauki da kayan aiki sun yi masa sauƙi fiye da da. Saboda haka Kano ta fi dacewa da mai zuwa koyo na wata shida ko shekara, ya sayi kayan aikinsa, ya dawo ya ci kasuwa da sefa, a kan mai zuwa neman albashin da zai riƙa aikowa gida.

Manyan kamfanonin manhaja na Najeriya kuwa suna Legas, wasu a Abuja. Can ne Flutterwave da Moniepoint suke, da Paystack wanda kamfanin Stripe na Amurka ya saya a 2020 kan sama da dala miliyan 200. Ana biyan ƙwararru da kyau, wasu ma da dalar Amurka. Amma da Turancin Ingilishi ake gwaji da aikin, wuraren aiki da yawa suna tambayar takardar bautar ƙasa ta NYSC da lambar shaidar NIN, kuma shirin gwamnati na 3MTT mai horar da matasa na ƴan ƙasar ne. Zirga-zirgar ta fi ta Yamai muni sosai: ma'aikacin Legas na iya fita kafin asuba don ya haye gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, ƙananan ma'aikatan Abuja kuma da yawansu a Mararaba ko Suleja suke kwana, a wajen birnin tarayyar.

Iyakar ma ba a ɗauke ta kamar da ba. An rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai watan Maris na 2024. Nijar ta kammala ficewa daga Cedeao ranar 29 ga Janairun 2025, ko da yake ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin ƴan Nijar, Mali da Burkina Faso su yi zirga-zirga har sai an cimma sabuwar matsaya. Ƴan bindiga kuma sun daɗe suna addabar yankin Jibiya da Madarumfa, shi ya sa matafiya ke guje wa dare. Layin dogo mai kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil, shi ne zai iya sauya wannan lissafi idan jirgi ya fara tafiya.

Ga mai takardar Faransanci, Dakar da Abijan sun fi Legas sauƙin shiga ta wani ɓangare: sefa ɗaya ake kashewa, Nijar na nan cikin UEMOA, kuma ana karɓar takardun da hukumar CAMES ta amince da su. Kamfanin Wave mai aika kuɗi ta salula ya yi ƙarfi a biranen biyu. Amma haya na da tsada ƙwarai, kuma hanyar mota ta Kwatano ta dagule tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023. Wannan tafiya ce ta wanda ya riga ya samu alƙawarin aiki a rubuce.

Zama a gida, aiki a nesa

Akwai masu cewa tun da aikin kwamfuta ne, me zai hana a yi shi daga Dakoro a karɓi kuɗin Yamai ko na Turai. A wasu sana'o'in hakan na yiwuwa: zanen talla, fassara tsakanin Hausa da Faransanci, kula da shafukan ƴan kasuwa a Facebook da WhatsApp, rubuta manhaja ga wanda ya riga ya ƙware. Shigowar Starlink, wanda gwamnati ta sa hannu da shi a watan Oktoban 2024 ya kuma fara aiki a 2025, ta sa ana iya samun intanet mai sauri ko'ina sama take a buɗe, ba sai an jira waya ta ƙarƙashin ƙasa ba. Babban aikin shimfiɗa wayar fiba da Bankin Raya Afirka ya ɗauki nauyi ya bi hanyoyin Arlit zuwa Asamaka, Difa zuwa iyakar Cadi, Damagaram zuwa Magarya, Yamai zuwa Gaya da Yamai zuwa Makalondi ne.

Sai dai kwanon Starlink da kuɗin watansa sun fi ƙarfin matashi guda, sai an haɗa hannu. Yana kuma son wuta ba yankewa. Jihohin Maraɗi da Damagaram sun dogara sosai da layin da ke taso wa daga Katsina zuwa Gazawa, kuma kowa ya ga abin da ya faru a watan Agustan 2023 da Najeriya ta katse shi. Mai aiki daga gida dole ya sa faifan sola da batir cikin jarinsa. Karɓar kuɗi daga waje ma na son asusun banki, domin Nita da Amana sun fi amfani a cikin ƙasa da maƙwabta.

Babban cikas ɗin kuwa shi ne samun aikin farko. Mai ba da aiki daga nesa yana neman wanda ya taɓa gani ko wanda wani ya tsaya masa, kuma irin wannan sanayya a ofisoshin Yamai, ko wurin alhazan Maraɗi, ko a rumfunan Farm Centre ake ƙulla ta. Shi ya sa ko masu niyyar zama a Dakoro sukan fara da shekara biyu ko uku a ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa, su dawo da lambobin abokan hulɗa a salularsu da kuɗin sayen batir.